Babi na 7: Raba Iska da Iska

Duk shekara idan lokacin dashen shinkafa ya zo a fadamun Saga, Kirkisoy da Libore, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin manoma: nawa buhun taki bana? Bayanta akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ake yi a majalisu da wuraren shan shayi na Yamai. Ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai a Agadem, take tace shi kusa da Damagaram, take tono gawayin ƙasa, wato kwal, a Anu Araren tun farkon shekarun 1980, me ya hana ta yin takinta da kanta? An ce da iskar gas ko kwal ake yin yuriya. To ga su nan a ƙarƙashin ƙasarmu. Me ya rage?

Amsoshin da aka saba ji su ne kuɗi, wutar lantarki, hanyoyi da siyasa, kuma kowace da gaskiyarta. Sai dai tsakanin rijiyar gas da buhun taki akwai wani aiki da ba a cika ambata ba, alhali shi ke cinye babban kaso na gine-gine da kuɗin kowace masana'antar taki. Aikin shi ne raba iskoki biyu da ke fitowa a cakuɗe: haidurojin, wanda ake nema, da kabon monoksaid, wadda ke biyo shi ba tare da an kira ta ba.

Me ke cikin buhun yuriya?

A jikin buhun yuriya akwai lamba 46. Ma'anarta ita ce kashi 46 cikin 100 na nauyin takin naitirojin ne, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. Naitirojin kuwa ba abin wahalar nema ba ne, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Matsalar ita ce gero da shinkafa ba sa iya ɗaukarsa daga sararin sama. Sai an ɗaure shi da haidurojin ya zama amoniya, sannan a mai da amoniyar taki. Bajamushen nan Fritz Haber ya nuna yadda za a yi haka a 1909, Carl Bosch kuma ya gina masana'antar farko ta kamfanin BASF a garin Oppau a 1913.

Buhu ɗaya na yuriya yana cin amoniya kimanin kilo 28, amoniyar nan kuma tana buƙatar haidurojin kilo 5. A baki kilo 5 ba wani abu ba ne, amma haidurojin ya fi komai rashin nauyi a duniya. Idan aka sake shi ba tare da an matse shi ba, kilo 5 ɗin zai cika ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4 da tsayin mita 3. Wannan na buhu ɗaya ke nan. Masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki cikin Maris 2022 an gina ta ne don ta riƙa fitar da yuriya tan miliyan 3 a shekara, wato buhu miliyan 60.

In ban da wurare ƙalilan, irin ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali inda masu haƙa rijiya suka ci karo da shi a 1987, ba a samun haidurojin zalla a ƙarƙashin ƙasa. Kullum yana manne da wani abu: da oksijin a cikin ruwa, ko da kabon a cikin gas da mai. Sai an ɓamɓaro shi. A 2022 duniya ta yi amfani da haidurojin kimanin tan miliyan 95, kuma kusan dukkansa daga iskar gas, kwal da mai aka ciro shi.

Yadda suke fitowa tare

Babban sinadarin iskar gas shi ne metan: ƙwayar kabon ɗaya da ƙwayoyin haidurojin huɗu. Don a kwance su, ana haɗa gas ɗin da tururin ruwa a tura su cikin dogayen bututai da ke tsaye a tsakiyar tanderu, zafin ya kai digiri 800 zuwa 900. An cika bututan da ƙananan duwatsu masu ɗauke da nikel. Wannan shi ake kira katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A nan metan ke tarwatsewa, ruwan ma ya tarwatse, haidurojin na ɓangarorin biyu ya samu 'yanci. Kabon ɗin da aka bari kuwa sai ya kama oksijin ɗin ruwan, ƙwaya ɗaya da ƙwaya ɗaya. Wannan ita ce kabon monoksaid. Duk ƙwayar metan ɗaya tana ba da haidurojin uku, kowanne tagwayen ƙwayoyi ne, da monoksaid ɗaya.

Da kwal ma haka abin yake, sai dai rabon ya fi karkata. Ana hura wa kwal ɗin oksijin da bai isa ya ƙone shi ƙurmus ba, a haɗa da tururi. Tun da kwal kusan duk kabon ne, monoksaid ɗin da ke fitowa takan kai rabin iskar ko ma ta wuce, haidurojin ya zama shi ne ƙarami.

Wannan iska ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Shuɗin harshen wutar da ke rawa a saman garwashin mai shayi, ko a maƙera idan an danna zuga-zugi, monoksaid ce ke ci. Gawayin da ke ƙasa bai samu isasshiyar iska ba, sai ya ba da monoksaid, ita kuma ta ƙarasa ƙonewa da ta hau sama. Masu narkar da tama a Adar da sauran ƙasar Hausa da ita suka yi aiki ɗaruruwan shekaru: ita ce ke shiga cikin dutsen tama ta zare masa oksijin, ta bar baƙin ƙarfe.

Me ya sa dole a raba su?

Monoksaid tana da wata ɗabi'a guda da ta bayyana kusan komai game da ita: tana son manne wa ƙarfe, kuma idan ta manne ba ta saki da sauƙi.

A cikin jinin mutum akwai baƙin ƙarfe, a tsakiyar sinadarin da ke ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Monoksaid tana kama wannan gurbi da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutum zai ji ciwon kai, jiri da kasala, sai barci. Idan ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki, mintoci kaɗan sun isa. Shi ya sa ake samun iyali guda sun kwanta ba su tashi ba bayan sun kunna janareto a cikin gida, ko sun shiga da kaskon garwashi ɗaki suka rufe ƙofa da taga a tsakiyar hunturu.

Abin da take yi wa jini shi take yi wa masana'anta. Katalis ɗin da ke haɗa naitirojin da haidurojin su zama amoniya baƙin ƙarfe ne. Idan monoksaid ta isa gare shi sai ta toshe guraben da aikin ke gudana, oksijin ɗin da ke jikinta kuma ya lalata shi a hankali. Saboda haka masu masana'antar taki ba sa yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ɗaya, ita da 'yar'uwarta kabon dayoksaid a haɗe. Motocin da ke aiki da haidurojin sun fi haka tsanani, domin katalis ɗinsu na filatinom ne: ƙa'idar duniya ta ce kada monoksaid ta wuce kashi 2 cikin miliyan 10. A tuna cewa a masana'antar taki iskar tana baro tanderu ne da monoksaid kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Daga nan zuwa kashi 10 cikin miliyan, sai an rage ta fiye da sau 10,000.

Amma kada a ɗauka shara ce. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma wanne ne na ci ya danganta da wanda ake tambaya. Da monoksaid ake yin metanol. Da ita ake yin yawancin ruwan tsamin asetik da masana'antun fenti, manne da zare ke amfani da shi. Katifar soso da ake sayarwa a Babbar Kasuwa da Wadata, ɗaya daga cikin sinadaran da aka yi ta da su ya bi ta kan monoksaid. Tun 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano yadda ake haɗa ta da haidurojin a samu man mota. Da wannan dabara kamfanin Sasol ke mai da kwal fetur a Afirka ta Kudu tun 1955, da ita kuma masana'antar Escravos a jihar Delta ke mai da gas man dizal tun 2014. Don haka wani mai masana'anta so yake ya rabu da ita baki ɗaya, wani so yake ya tara ta zalla, wani kuma so yake ya daidaita ta: haidurojin biyu, monoksaid ɗaya.

Abin da sheƙa ba ta iyawa

Macen da ke gyaran gero ba da mataki ɗaya take gamawa ba. Sai an yi sussuka, a sheƙe ƙaiƙayi, a surfa, a wanke a rege tsakuwa, a niƙa, a tankaɗe. Kowane mataki yana dogara ne da wani bambanci tsakanin abin da ake so da wanda ba a so: nauyi a wajen sheƙa da regewa, girma a wajen rariya. Injiniyan gas ma haka yake aiki, mataki bayan mataki, yana neman bambancin da zai kama.

Wanda ya ji cewa monoksaid ta ninka haidurojin nauyi sau 14 zai ce ai shi ke nan, a zuba su a tanki a bari mai nauyin ta kwanta. Ba ta kwantawa. Ƙwayoyin iska ba sa zama wuri ɗaya, gudu suke yi na ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa guda suna karo da juna, kuma wannan karo yana gauraya su fiye da yadda nauyi zai iya raba su. Ko an bar tankin shekara, cakuɗe za a tarar da su. Dole a nemi wasu bambance-bambancen. Akwai guda huɗu da aka dogara da su: yadda kowace ke haɗuwa da wasu sinadarai, yadda take manne wa abu mai tauri, sanyin da ke mai da ita ruwa, da yadda take ratsa bango.

A sa ta aiki kafin a kore ta

Dabarar farko ita ce mafi wayo, domin ba fitar da monoksaid ake yi ba, sauya ta ake yi. Tun 1780 wani masani ɗan Italiya, Felice Fontana, ya lura da haɗuwar da ke tsakanin tururi da garwashi mai zafi. Abin da aka gina a kan wannan shi ne: idan aka ƙara wa monoksaid tururi, sai ta ƙwace oksijin ɗin ruwan ta zama kabon dayoksaid, ta saki haidurojin ɗin da ke cikinsa. Guba ta ragu, abin da ake nema ya ƙaru.

Ana yin wannan ne a tukwane biyu. Ta farko tana da katalis na baƙin ƙarfe da kurom, zafinta digiri 350 zuwa 450. A nan aikin yana sauri amma ba ya kai wa ƙarshe, monoksaid tana saukowa zuwa kimanin kashi 3 cikin 100. Sai a sanyaya iskar a shigar da ita ta biyu, mai katalis na jan ƙarfe da tutiya, a digiri 200 zuwa 250. Daga nan takan fito ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Dalilin raba aikin biyu shi ne zafi yana ƙara sauri amma yana hana cikawa, sanyi kuma yana ba da cikawa amma yana jan ƙafa. Tukunya ta biyun ta yaɗu ne a shekarun 1960, bayan an ƙware wajen cire farar wuta daga gas, domin ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe katalis na jan ƙarfe.

Dayoksaid ɗin da aka samu tana da sauƙin cirewa. Ana hura iskar daga ƙasan wata doguwar hasumiya, wani ruwan sinadari na gangarowa daga sama yana shanye ta. A wata hasumiyar a dafa ruwan ya amayar da ita. A masana'antar yuriya ba a zubar da ita, domin da ita ake haɗa amoniya a samu takin. A cikin buhu mai kilo 50 akwai kabon kilo 10, kuma mafi yawansa ya taɓa zama monoksaid kafin ya iso gona.

Ragowar da ta ƙi fita

Rabin kashi 1 cikin 100 har yanzu ya yi wa tukunyar amoniya yawa ƙwarai. A zamanin Bosch ana wanke wannan ragowa ne da ruwan da aka narkar da gishirin jan ƙarfe da amoniya a ciki, ƙarƙashin matsi mai ƙarfi. Aiki ne mai cin kuɗi da cin bututai. Yau an koma wa wata haɗuwa da Bafaranshe Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens suka bayyana a 1902: a bi da iskar ta kan nikel a kimanin digiri 300, monoksaid ta haɗu da haidurojin ta koma metan da ruwa. Wato an juya aikin tanderun farko baya. Metan ba ya cutar da katalis na ƙarfe, wucewa kawai yake yi.

Wannan hanya tana da tsada ta ɓoye, domin kowace ƙwayar monoksaid tana tafiya da haidurojin uku. Shi ya sa ba a amfani da ita sai a kan 'yar ragowa. Tana kuma da haɗari da ma'aikata ke kiyayewa. A 1890 Ludwig Mond ya gano cewa monoksaid tana haɗuwa da nikel idan zafi ya yi ƙasa, su ba da wani tururi da ya fi ta guba nesa ba kusa ba. Don haka ba a barin ta ta zauna a wannan tukunya idan ta huce, sai an kore ta da naitirojin tukuna.

Kama da saki

Matatun mai, waɗanda ke amfani da haidurojin don cire farar wuta daga dizal da fetur, sun fi bin wata hanyar. Injiniyoyi na kiranta PSA. Charles Skarstrom na kamfanin Esso ya samu takardar mallakar dabarar a 1960, aka fara tace haidurojin da ita a masana'anta a 1966.

Ana cika dogayen tankuna da abubuwa masu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, hawa-hawa. A ƙasa akwai alumina mai kama laima. A tsakiya gawayi ne da aka sarrafa na musamman, wanda ke kama dayoksaid da metan. A sama akwai wani ma'adini mai suna ziyolait, shi ke kama monoksaid da naitirojin. Ana tura iskar da matsin da ya ninka na sararin da muke ciki sau 20 zuwa 30. A wannan matsi kowace iska tana maƙalewa a ramukan, ban da haidurojin, wanda kusan babu abin da ke riƙe shi. Sai ya fita ta sama da tsarkin da ya kai kashi 99.99 cikin 100, wani lokaci fiye.

Bayan 'yan mintoci ramukan sun cika. Sai a rufe tankin a sauke matsin, abin da ya maƙale ya saki kansa ya fita ta ƙasa. Kafin nan wani tankin ya karɓi aiki. Shi ya sa ake jera su huɗu, takwas, goma sha biyu ko fiye, kwamfuta na buɗe famfuna tana rufewa dare da rana. Asarar ita ce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na haidurojin yana bin dattin. Ba a yar da shi, mai da shi ake yi tanderu ya zama makamashi.

Sanyin da ya wuce misali

Idan monoksaid ɗin kanta ake so, zalla kuma da yawa, sanyi ake nema. Kowace iska tana da matakin da take zama ruwa. Metan a digiri 161 ƙasa da sifiri, monoksaid a 191, naitirojin a 196, haidurojin kuwa sai an kai 253. Idan aka sauke zafin cakuɗen zuwa kusan 200 ƙasa da sifiri a ƙarƙashin matsi, monoksaid za ta taru a ƙasa tana ruwa, haidurojin ya wuce yana iska. A wasu masana'antun ana yi wa iskar wanka da ruwan metan ko ruwan naitirojin don a kwashe abin da ya saura. Masana'antun taki da ke aiki da kwal suna son wankan naitirojin, tun da dama za a buƙaci naitirojin ɗin a mataki na gaba.

Hanyar tana da sharuɗɗa. Dole a cire kowane ɗigon laima da dayoksaid kafin a shiga, in ba haka ba su daskare su toshe bututai. Idan akwai naitirojin a cikin gas ɗin tun asali, raba shi da monoksaid yana da wuya, domin tazararsu ba ta wuce digiri 4 zuwa 5 ba. Sannan injinan matsa iskar suna shan wuta ba ƙaƙƙautawa, kuma a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 45, aikinsu ƙaruwa yake yi.

Jan ƙarfe da bango mai zaɓe

Son ƙarfen da ya sa monoksaid ta zama guba shi ne kuma tarkon kama ta. A shekarun 1970 kamfanin Tenneco na Amurka ya fito da wani ruwa mai ɗauke da jan ƙarfe da alminiyom, wanda ke riƙe monoksaid ita kaɗai ya bar naitirojin da haidurojin su wuce, a ɗumama shi ya sake ta. Daga baya aka koma shafa gishirin jan ƙarfen a jikin ziyolait ko gawayi, ana kama ta ana saki ta hanyar sauya matsi. Masana'antun ƙarfe na ƙasar Sin suna amfani da wannan wajen ciro monoksaid daga hayaƙin tanderunsu.

Hanya ta ƙarshe ita ce bango. Wajen 1980 kamfanin Monsanto ya fara sayar da dauri na siraran zaruruwan roba masu rami a tsakiya, dubbai a cikin bututu ɗaya. Haidurojin, da yake ƙarami ne mai sauri, yana ratsa jikin zaren ya shiga ramin, monoksaid ta ja baya. Ba ya ba da tsarki sosai, amma ba shi da abin da ke motsi balle ya lalace, kuma ya dace da mai son daidaita rabon iskokin biyu. Akwai kuma bangon faladiyom. A 1866 Thomas Graham ya gano cewa wannan ƙarfe yana shanye haidurojin da ya ninka girmansa kusan sau 900. Idan aka ɗumama faifansa zuwa digiri 300 ko fiye, haidurojin kaɗai ke ratsa shi. Tsarkin ya fi na kowace hanya, sai dai faladiyom ƙarfe ne mai tsadar gaske, kuma yawancinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa. Don haka ba a ganinsa sai a ƙananan na'urori.

To, Nijar fa?

Yanzu muna iya komawa ga tambayar majalisa da ido buɗe. Matatar SORAZ ta kusa da Damagaram da aka buɗe a Nuwamba 2011 an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, tana fitar da fetur, dizal da gas ɗin girki. Wannan aiki ne na raba ruwa da ruwa da sarrafa shi. Kamfanin SONICHAR na Anu Araren yana ƙona kwal ne ƙurmus don samar da lantarki. Aikin kwal na Salkadamna a yankin Tawa, wanda aka aza harsashinsa a 2014, shi ma a kan lantarki aka fi maganarsa. Yin taki wani mataki ne daban, kuma zaɓin farko shi ne da me za a fara.

Idan da gas ne, jerin ya fi gajarta: a cire farar wuta, tanderu, tukwanen sauya monoksaid, hasumiyar dayoksaid, tukunyar nikel. Haka ake yi a Lekki, da Eleme da Onne a jihar Ribas. Wannan ya sa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, da babban bututun da Najeriya, Nijar da Aljeriya suka rattaba wa hannu a 2009 don ratsa Sahara, suke da ma'ana ga manomin Saga ko da bai taɓa jin sunansu ba. Idan da kwal ne, hanyar da Sin ke yin yawancin takinta, monoksaid ta fi yawa, farar wuta da toka sun fi yawa, sai an gina masana'antar oksijin a gefe, ruwan da ake sha ya fi yawa, dayoksaid ɗin da ke tashi sama kuma ya kusa ninka na gas.

Ko wace aka ɗauka, abubuwa uku ba su da madadi. Na farko wutar da ba ta yankewa. Irin wannan masana'anta idan ta tsaya takan ɗauki kwanaki kafin ta dawo daidai, kuma mutanen Yamai ba su manta da Agusta 2023 ba, lokacin da aka katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Na biyu ruwa mai tsabta, domin wani kaso mai yawa na haidurojin daga tururi yake fitowa, ga kuma na sanyaya injina, alhali kwal da man suna can nesa da kogin Isa. Na uku mutane: waɗanda za su zauna gaban allo cikin dare su ga lamba ta tashi daga 5 zuwa 12 cikin miliyan su san tukunyar da za su duba. Irin waɗannan daga azuzuwan Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG za su fito, kuma horar da su ya fi aza harsashi ɗaukar lokaci.

A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ɗauki alkawarin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi nisa da wannan adadi, har masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore suka koya wa manoma zuba 'yan giram kaɗan a gindin kowace shuka don abin ya isa. Da farashin yuriya ya haura dala 900 kan tan a kasuwar duniya cikin 2022, wanda ke ƙarshen hanya, nesa da tashar jirgin ruwa, shi ya fi jin jiki. Mallakar gas da kwal ba ta sauya wannan lissafi sai an mallaki abin da ke tsakaninsu da buhu.

Mun bar haidurojin yanzu a bakin bututu, tsarkakakke, an gauraya shi da naitirojin uku bisa ɗaya. Sai dai waɗannan biyun ko an bar su tare shekara dubu ba za su haɗu da kansu ba. A babi na gaba za mu shiga tukunyar da Bosch ya gina, mu ga irin matsi da zafin da ake buƙata kafin naitirojin ya yarda, da dalilin da ya sa tukwanen farko suka riƙa tsagewa.